Gyale ya gagari waya, mu kuma muna ta kwafar furojet

Duk mai ɗaukar hoto da “Portrait” ya san yadda abin yake: mutum ya fito tar, bayansa kuma ya dusashe. Amma a ɗauki ɗaliba mai gyale shara-shara a gani. Sai gefen gyalen ya narke cikin bango, ko bangon ya leƙo ta cikin yadin bai dusashe ba.

Ƙaramar kyamarar waya ba ta iya dusasar da baya sosai da kanta, manhaja ce ke yi. iPhone 7 Plus ta 2016 tana kwatanta abin da kyamarorinta biyu suka gani, ta ƙiyasta nisa. Pixel 2 ta Google, a 2017, da kyamarar baya guda ɗaya ta yi, haɗe da manhajar da aka horar ta gane mutum. Tambayar dai ɗaya ce: wannan ɗigon hoton na mutum ne ko na bango? To, ɗigon da ke kan gyale na duka biyun ne, launin yadi ya cakuɗe da na bango. Shi ya sa masana ke ba kowane ɗigo lamba tsakanin 0 da 1, gwargwadon kason mutum a cikinsa. Gano lambar nan shi ne jan aikin.

’Yan uwana na sashen kwamfuta, ga matsala a wuyan ’yan ajinmu, amma kowace shekara sai manhajar rajistar ɗalibai, an canza suna da bangon littafi kawai. A ganina wannan cutar kai ce.

Na san za a ce ina kayan aiki, ina wuta? Gaskiya ne, NEPA ba ta tausaya mana. Sai dai dabarar GrabCut, wadda masu bincike na Microsoft a Cambridge ta Ingila suka fitar a 2004, tana cikin OpenCV kyauta, kuma laftof ɗin da kake kallon fim da ita za ta ɗauka. Akwati kawai za ka zana kewaye da mutum, ita ta raba shi da bango ta hanyar launi.

Ku haɗu ku uku, ku ɗauki hotunan masu gyale da ɗankwali da zanna bukar, da izininsu. Ku gwada, ku rubuta inda ta yi da inda ta kasa da dalili. Ko ba ku warware matsalar ba, ranar difens ba za ku yi ta raba ido ba, don aikin naku ne.