In za a rufe hanya, a bar wa mai naƙuda ƙofa



Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Muna sakandare malamanmu sun taɓa kai mu can yawon buɗe ido. Har yau ina tuna matan da suka tarye mu a gindin dutsen da fura da nono da ƙuli-ƙuli, da wani dattijo da ya yi mana jagora yana ba mu labarin bikin Baura, zamanin da samari kan hau dutsen su kamo mikiya. Kuɗin da muka kashe bai taka kara ya karya ba, amma da shi wasu gidaje suka yi cefane ranar nan.

Gaba da nan, a ƙaramar hukumar Tsafe mai iyaka da jihar Katsina, akwai 'Yandoto, garin malamai da ya yi suna tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Wuri ne da ya kamata ɗaliban tarihi su riƙa ziyarta. Amma a yau wane shugaban makaranta ne zai cika mota da 'ya'yan mutane ya nufi can? Tsoron ɓarayin daji ya kori baƙo, baƙo kuwa in ya ɗauke ƙafa, da cinikin mai fura yake tafiya.

Bayan tsoro sai ga doka. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka da safarar dabbobi, aka kuma hana babura zirga-zirga da dare. Manufar ita ce a toshe wa ɓarayi hanyar samun mai da abinci da labari, kuma duk wanda aka taɓa sace wa ɗan'uwa ba zai raina wannan manufa ba. Sai dai mutumin ƙauyen bayan dutse, babur ne motar asibitinsa, kasuwar mako kuma ita ce bankinsa.

A cikin watannin nan ina aikin dare aka kawo mana wata baiwar Allah da asuba, ta kwana tana naƙuda. Mijin ya ce mini, "Malama, ba waya balle in kira mai mota, kuma duk ɗan acaɓan da na roƙa ya ce ba zai fita ba sai gari ya waye." A amalanke suka ɗauko ta zuwa bakin titi. Allah ya kuɓutar da uwar, jaririn kuwa bai zo da rai ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba, kwana ne ya ƙare. Amma da akwai ƙofar da aka bar wa irinta, wataƙila da ta iso da wuri.

Mutanen Jibiya da Illela ma sun ɗanɗana irin wannan, lokacin da aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Ƙaramin ɗan kasuwar da ke kai-komo zuwa Maraɗi ko Ƙonni shi ya fara ji a jikinsa.

Roƙona ga hukumomi shi ne, duk ranar da za a sake taƙaita zirga-zirga, a zauna da hakimai da masu unguwanni a zaɓi amintattun 'yan acaɓa biyu ko uku a kowane ƙauye, a ba su takardar izinin ɗaukar mara lafiya ko da tsakar dare ne, jami'an tsaro kuma su san da su.

Mu ma a gida akwai namu. 'Yar'uwa, in kina zaune nesa da asibiti, ki riƙa zuwa awo, kuma da cikinki ya shiga wata tara ki koma wurin dangi a gari. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ba a jiran wayewar gari da su. Maigida kuma ya ajiye kuɗin mota tun kafin ranar ta zo.

Ku da ke Tsafe, Bunguɗu da kewaye, ku ba mu labarin yadda kuka yi a wancan lokaci. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya sauki masu juna biyu lafiya. Sai mako mai zuwa.