Bin Sawun Gubar Nukiliya Cikin Teku

Tun daga zamanin da manyan dauloli suka dukufa ga gwajin bama-baman nukiliya a sarari, kamar yadda Amurka ta yi a tsibiran Bikini da Enewetak, tekunan duniya suke haɗiyar wani burɓushi wanda hannun ɗan Adam ne ya samar da shi. Daga baya masana'antar Sellafield ta Ingila da ta La Hague ta Faransa suka riƙa kwarara nasu ta bututu, sa'an nan musibar tashar nukiliya ta Fukushima ta auku a Japan a 2011. Da yake igiyar ruwa ba ta san iyakar kowace ƙasa ba, abu ne mai sauƙi ga wanda aka tuhuma ya ce gubar da aka gani ta wani ce, ko kuwa ragowar gwaje-gwajen dā ce.

Malaman kimiyya sun warware wannan mushkila da wata hikima mai ban sha'awa. Sinadarin siziyom da ke fita daga tashar nukiliya iri biyu ne: mai lamba 137, wanda sai bayan kimanin shekara 30 rabinsa ke gushewa, da mai lamba 134, wanda rabinsa ke gushewa cikin shekara 2 kacal. Saboda haka, sa'ad da aka kama kifin tuna a gaɓar Kaliforniya cikin Agusta 2011, aka kuma sami siziyom 134 a tsokarsa, alhali na gwaje-gwajen dā ya riga ya ƙare tuntuni, hujja ta tabbata cewa daga ruwan Japan kifin ya ɗauko shi ya ƙetaro Tekun Fasifik, ko da yake miƙidarin bai kai na cutar da mai ci ba. Wannan bayani na ƙarshe wajibi ne a faɗe shi, domin tsoratar da jama'a ba bisa dalili ba shi ma zalunci ne ga masunta.

Abin da nake gani shi ne, wannan ilmi ba ya amfanarwa matuƙar awon yana hannun wanda ake tuhuma, gama babu alƙalin da ke karɓar shaidar mutum a kan shari'ar kansa. Tarayyar Sobiyet ta shafe shekaru tana jibge sharar nukiliya a Tekun Kara, duniya ba ta sami cikakken bayani ba sai a 1993, bayan daular ta rushe. Lalle Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana da ɗakunan bincike a Monako tun 1961, amma cibiya ɗaya, komai adalcinta, ba ta wadatar ba. Tun da Japan ta fara sakin tataccen ruwan Fukushima cikin teku a Agusta 2023, kuma aikin zai ɗauki shekaru masu yawa, haƙƙi ne na maƙwabtanta, irin su Koriya da Sin, su ci gaba da ɗibar ruwa da kifi da hannunsu, su auna a ɗakunansu, su bayyana wa jama'a sakamakon kowane awo.