A Daina Cusa Wa Kwamfuta Sauti Ta Ramin Makirufo

Duk watan Azumi masallatai da dama kan watsa tafsiri kai tsaye a Facebook da YouTube. Na cikin masallaci yana jin malam raɗau, na gida kuwa sai ƙugi da fashewar murya. Akasari ba laifin mikisa ba ne. Ana sayen na'ura mai tsada, sannan a jawo siririyar waya daga bayanta a cusa a ramin makirufo na kwamfuta. Ramin nan an yi shi ne don raunannen sauti, in aka ɗura masa mai ƙarfi sai ya shaƙe. Alhali mikisa irin Behringer X32, wadda ta fito a 2012, tana iya tura layin sauti 32 ta wayar USB guda, ko ƙaramar Yamaha MG10XU ma tana tura biyu, an riga an mayar da su lambobi kafin su bar ta.

Masu kula da lasifika za su ce sun gwada USB ɗin, abin ya ƙi. Gaskiya ne yakan ƙi, amma dalilan sanannu ne. Kwamfutar Windows tana son a sa mata direban ASIO na kamfanin mikisar, Mac kuwa galibi ba ta buƙata. Dole kuma ɓangarorin biyu su yi tafiya da ma'auni ɗaya: in mikisa tana kan samfurin sauti 48,000 a daƙiƙa, wanda shi ne na bidiyo, manhajar watsa shiri kuma tana kan 44,100 na faifan CD, sai a ji ƙas-ƙas ko murya ta sauya. Babban tarkon shi ne rabon layuka. Manhajar watsa shiri takan ɗauki layi na ɗaya da na biyu kawai, don haka in ba a tura haɗaɗɗen sautin can ba, za a ji malam amma alaramma mai jan baƙi ya ɓace.

Wasu kuma na kukan jinkiri. Ma'ajin sauti na kwamfuta mai ɗaukar samfuri 256 a kan 48,000 jinkirinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, kuma mai magana daga mikisa yake jin kansa, ba daga kwamfuta ba. USB dai ba ta maganin ƙugin da janareta da rashin wayar ƙasa ke jawowa. Wannan sai an kira mai gyaran wuta. Sauran kuwa aikin yini guda ne a watan Sha'aban, a saita, a adana saitin cikin mikisar in irin X32 ce, ta yadda ko an ɗauke wuta za a dawo da shi nan take.