Kafin Ka Sayi Sabon Batir

A Jidda, da zarar mota ta ƙi tashi sai ka ji an ce batir ya mutu. Zafin Jidda yana cin batir, babu musu. Amma damshin Bahar Maliya ma kan sa kan batir ya yi tsatsa, kuma wanda ke tura kuɗi gida bai da riyal ɗin zubarwa.

Shi ya sa nake ba 'yan'uwa shawarar bin taswirar tambayoyi, wadda kowace amsa ke kai mutum mataki na gaba.

Fitilu sun ƙi kamawa? Goge kan batir, ka ɗaure shi tamau. Sannan ka sa mita: mota a kashe, lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6. Idan awon ya yi daidai amma kana jin "ƙas" sau ɗaya, zargi kik. Idan ta tashi, sake awo. Ana son 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka, altaneta ba ya caji, ko sabon batir ka sa zai mutu.

Hon kaɗai ya yi shiru? Fara da fiyus, shi ya fi komai araha.