Hawan CRP Ba Izinin Shan Kafso Ba Ne

Haruffa uku ne kacal, CRP, amma sun isa su hana magidanci barci. Mutum ya je awon jini saboda ciwon suga ko hawan jini, lafiyarsa ƙalau, sai takarda ta fito da 24 a gurbin da aka rubuta kada a wuce 6. Takardar da Faransanci take. Kafin ya koma wurin likita, majalisa ta riga ta yanke hukunci: jini ya ɓaci, a nemi mai tallar magani a sayi kafso. Daga Madarunfa har Ɗan Isa, a yankin Maraɗi, an saba da wannan, kuma kuskure ne mai tsada.

CRP sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini idan wani sashe na jiki ya kumbura ko ya ji rauni. A 1930 wasu likitoci biyu, Tillett da Francis, suka gano shi a birnin New York, a jinin masu ciwon huhu. Yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, in kuma sanadin ya kau sai ya riƙa raguwa da rabi kusan kowace awa 19. Kamar haushin kare yake da tsakar dare: ya nuna wani abu ya shigo gida, amma bai faɗi ɓarawo ne ko akuyar maƙwabci ba.

Masu tayar da shi suna da yawa. Zazzaɓin cizon sauro na kan gaba, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma kafso ba ya kashe shi. Ruɓaɓɓen haƙori, maruru, ciwon gaɓoɓi, tiyatar da aka yi kwanan nan, har ƙiba da shan taba, duk suna iya ɗaga lambar. Ɗan'uwansa, wani awon jinin da ake rubutawa VS, ya fi shi saurin ruɗa mutane, don ƙarancin jini, juna biyu da tsufa kaɗai sun isa su hau da shi. A yankin da mata da yara da yawa ke fama da ƙarancin jini, VS mai yawa ba abin mamaki ba ne.

Abin da ya kamata a yi tinƙaho da shi, ba daga Turai aka kawo hujjar cewa hawan CRP bai isa a sha kafso ba. A nan gida aka samo ta. Cibiyar bincike ta Epicentre, reshen ƙungiyar likitoci ta MSF, ta auna CRP a jinin yara masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a Maraɗi, aka buga sakamakon a 2014. Gwajin bai iya tantance yaron da ƙwayar bakteriya ta shiga jikinsa da wanda ba ta shiga ba yadda za a dogara da shi. Inda ya yi amfani shi ne nuna yaron da ke cikin haɗarin mutuwa. Wato ya fi gwanancewa wajen faɗin tsananin ciwo fiye da faɗin sunansa.

A gundumar Madarunfa kanta, tsakanin 2012 da 2013, an bi yara kusan 2,400 masu tamowa da ake yi wa magani daga gida. Rabi aka ba su amoksisilin na mako guda, rabi ba a ba su ba. Waɗanda suka warke: kusan kashi 66 cikin 100 a rukunin farko, 63 a na biyu, tazarar da masu binciken suka ce ba ta taka kara ta karya ba. Gaskiya ne maganin ya rage yawan yaran da sai da aka kwantar, shi ya sa shawarar ba da shi ta ma'aikacin lafiya ce. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna yaran da suka sha maganin sun fi ɗaukar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani a hanjinsu. Idan a hannun ƙwararru ma kafso na da farashi irin wannan, ina ga wanda aka saya a tire, rana ta gama dukansa?

Ba kuma a ce a jefa takardar a ƙarƙashin katifa ba. CRP da ya haura 100, ga zazzaɓi, ga numfashi sama-sama ko yaro ya ƙi nono, asibiti ake nufa a ranar. Wanda lambarsa ta ɗan hau alhali yana cin tuwonsa yana zuwa gona, sau da yawa likita zai duba shi, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro in da dalili, ya ce a sake awon bayan 'yan makonni. In ta ƙi sauka, ga tari ya wuce mako biyu, ga rama da gumin dare, to a nemi gwajin tarin fuka.

Ma'aikatan asibiti da na ɗakin gwaji su ma da nasu rabon. Kada a miƙa wa mutum takardar da ba ya iya karantawa a sallame shi. A ɗauki minti biyu a gaya masa da Hausa abin da lambar ke nufi, da ranar da zai dawo.