Rubutun Sinawa a ɗakin amarya: tsafi ne ko fatan alheri?

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a Toranke, ko wani ƙauye na ƙasar Ajingi da Gaya, da wuya ya rasa abin da aka ƙera a ƙasar Sin: filas ɗin shayi, tire, bargo, labule, zanin gado. Daga kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari ake saro su, su bi motoci zuwa kasuwannin ƙauye. A jikin wasunsu akwai jan rubutu mai kama da tagwaye, ko kifi biyu, ko agwagi biyu a kan ruwa. 'Yan jere kan zaɓa ne don kyau, ba mai tambayar ma'ana, har sai ranar da wani saƙo ya shigo waya yana cewa tsafi ne aka cusa wa Musulmi. Daga nan uban da ya sayar da buhunan gero ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki sai ya shiga zullumi.

Kafin a ƙona bargo, ya kamata a san abin da ke jikinsa.

Yawancin waɗannan alamomi wasa ne da harshe. Sinanci cike yake da kalmomi masu sauti ɗaya, ma'ana daban. Kifi sunansa "yu", kalmar rara ma "yu" ce, don haka zanen kifi fata ne shekara ta ƙare da saura a rumbu. Jemage, wanda Bahaushe ba ya marhabin da shi a ɗaki, su a wurinsu abin so ne, domin sunansa "fu" ya yi daidai da kalmar sa'a. Ita kanta kalmar "fu" sukan manna ta a ƙofa a kife lokacin sabuwar shekararsu, saboda "kifewa" da "isowa" sautinsu ɗaya: sa'a ta iso ke nan. Lamba 8 tana kama da kalmar bunƙasa, shi ya sa aka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008. Lamba 4 kuwa gudunta suke yi, don tana kama da kalmar mutuwa.

Jan rubutun nan mai tagwaye, wanda ya fi yawa a tire da filas, kalmar farin ciki ce aka rubuta sau biyu a manne, na ango da na amarya. Agwagin biyu kuma miji da mata ne da ake yi wa fatan kada su rabu. Wato abin da tsofaffi ke faɗa wa amarya ranar kai ta, Allah ya ba da zaman lafiya, shi wani maƙeri ya buga a jikin kwano da harshensa.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1950 kwanukan fenti na Hong Kong suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, daga baya wasu masu masana'antun suka dawo da injinansu Najeriya. Kwanukan da kakanni suka jera har kusa da rufin ɗaki, bayan sun ajiye jeren ƙore, da dama daga can salonsu ya fito.

Sai dai ba komai ne ado ba, kuma a nan masu cewa "ai duk zane ne" suke kuskure. Sinawa da yawa sun yi imani cewa alamar tana janyo sa'a, ba fata kawai ba ce. Akwai kuma mutum-mutumin Caishen, wanda suke ɗauka abin bautar arziki, ana ajiye shi a shago ana kunna masa turare. Wannan gunki ne, ba shi da gurbi a kan kabet ɗin Musulma komai ƙyallinsa. Hukuncin hoton mai rai a jikin labule ko bargo kuwa tsohuwar mas'ala ce da malamai suka yi bayani a kanta, kuma ba ta bambanta kifin Sin da zakin da ke jikin bargon Turkiyya ba.

Su kansu Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe da raba wannan gardama a gidajensu. A unguwarsu ta birnin Xi'an, rubutun Larabci ne a saman ƙofofi da yawa, an ja shi da salon alƙalamin ƙasarsu.

Nauyin yana kan 'yan kasuwa. Dillalin da ke zuwa Guangzhou ko Yiwu yana cika kwantena ba zai rasa wanda zai fassara masa kalma ɗaya ba, kuma masana'antun can suna buga abin da mai oda ya nema. In ya ce a sa masa dagin Arewa ko zanen ƙwarya a jikin tire, za a sa. Mai shago a Sabon Gari kuma ya san amsar da zai bai wa uwar amarya idan ta nuna jan rubutun ta ce, "Alhaji, wannan fa me aka rubuta?"