Masu Dariyar Ƙwallon Doki, Ku Dubi Turkenku

Duk wanda ke riƙe da wayar zamani a yau, in dai yana sha'awar dawaki, da wuya a ce bai ci karo da hotunan wasu kayayyaki da Turawa ke sayarwa da sunan kayan wasan doki ba. Akwai ƙatuwar ƙwallon roba mai mariƙi, wadda ake kira Jolly Ball, da doki zai ciza ya wurga. Akwai dunƙulen zaƙi mai suna Likit, wanda ake ratayawa a barga domin ya riƙa lasa. Akwai wata 'yar ganga mai huda da ake zuba wa tsaba, sai doki ya mirgina ta da hanci kafin ƙwaya ta faɗo. Har madubi ake kafa masa a bango. Da zarar irin waɗannan hotuna sun shigo majalisar samari, ko a cikin garin Yola ko a Jimeta, abin da ke biyo baya shi ne shewa, a ce Bature ya ƙoshi har ya rasa abin yi. Ni kuwa ina ganin wannan dariya ta ƙeta ce da jahilci, domin mai yin ta, in ya waiwaya bayan gidansu, zai tarar da dabbar da ta fi ta Baturen shan azaba.

Bari mu fara da tambayar da masu dariya ba su tsaya sun yi ba. Me ya sa aka ƙirƙiro waɗannan kaya tun farko? Amsar tana cikin halittar dokin kansa. Allah Ya yi doki dabbar sarari, mai tafiya cikin garke. In an sake shi yadda yake so, yakan shafe awa 14 zuwa 16 a kowace rana yana kiwo, yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yana takawa. Tumbinsa ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, kuma dare da rana yana tsatso ruwan tsami mai narkar da abinci, ko da abinci a ciki ko babu. Abin da ke kashe kaifin wannan tsami shi ne yawu, shi kuwa doki ba ya samar da yawu sosai sai yana tauna. Ke nan dokin da aka bari awa da awa ba abin taunawa, tsamin nan bangon tumbinsa yake ci, har ya zama gyambo. Daɗin daɗawa, doki ba ya iya amai, saboda haka duk abin da ya rikice masa a ciki, a ciki zai tsaya.

To, da Bature ya kulle wannan dabba a ɗaki, ya ba ta tsaba sau biyu a rana, sai ta soma wasu halaye da ba a ganin irinsu ga dokin da ke sake. Wani ya kafa haƙora a katako, ya lanƙwasa wuya, ya ja iska da gurnani. Wani ya tsaya a bakin ƙofa yana lilo da kai dama da hagu, yana sauya ƙafa, kamar mai saƙa. Wani ya yi ta kewaya ɗaki har ya fitar da hanya a ƙasa. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da gano cewa ƙunci da kaɗaici da ƙarancin ciyawa su ne manyan masu haddasa waɗannan halaye, kuma in sun kama doki sun zauna, da wuya su rabu da shi ɗungum. A shekarar 2002 wasu masana a Ingila, cikinsu har da Daniel Mills, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi na kafa madubi a bargar dawaki masu lilon kai, inda suka ga lilon ya ragu ƙwarai. Mai karatu ya lura da abin da wannan sakamako ke faɗa. Dabbar ta ƙosa da ganin ɗan'uwanta ne har inuwar kanta ta ishe ta sanyin rai. Ashe ƙwallo da madubi shaida ce ta laifin da mai barga ya amsa, yana kuma neman hanyar rage shi.

Yanzu sai mu dawo gida. Babu mai musun cewa a bayan doki aka kafa ƙasar nan. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, ya zauna a Gurin da Ribaɗu, kafin ya kafa Yola a 1841, kuma mahaya ne suka shimfiɗa mulkin Fombina har cikin ƙasar da ake kira Kamaru a yau. Wancan puccu, kamar yadda Fulani ke kiran doki, ma'aikaci ne. Yana kai saƙo, yana zuwa rangadi, yana fita yaƙi, ƙafarsa ba ta rabuwa da hanya. Daga 1901, lokacin da sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice, aikin yaƙi ya ƙare. Mota ta zo ta karɓe tafiya, babur ya karɓe saƙo. Abin da ya rage wa doki shi ne hawan sallah, da naɗin sarauta, da rakiyar ango, sai kuma wasan folo ga masu hali. Wato aikinsa na shekara, in an tattara, bai fi 'yan kwanaki ba.

Ina yake kwana sauran watannin? A turke. Igiya a ƙafa, wani lokaci har da dabaibayi, a wani lungu tsakanin katanga da katanga, sau da yawa ƙarƙashin kwano. Wanda ya san zafin Maris da Afrilu a kwarin Binuwai, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san abin da kwanon rufi ke yi wa mai rai. Garin Jimeta ya cika ya batse, musamman tun da Yola ta zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Adamawa a 1991, filayen da a da yaro zai ja doki ya kai shi kiwo sun zama shaguna da gidajen haya. Dokin Bature da muke yi wa dariya yana da ɗakin da zai juya, ya kwanta, ya miƙe. Namu da yawa iyakar duniyarsu tsawon igiya. Idan ya yi ta tonon ƙasa da kofato, ko ya ci turken, ko ya kai wa mai ba shi ruwa cizo, sai mu ce mugun doki ne, ko mu ce zafin jini ne na ingarma, har mu yi alfahari da shi. Wani ma bulala zai ɗauko. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin takaicin shi ne ba rashin kuɗi ne ya kawo haka ba. Mutumin da zai ce ba shi da halin sayen harawa ta wadata, shi ne za ka ga ya kashe dukiya a kan sirdi da jalala da ɗan ƙirji da likkafa mai walƙiya. Sallah na matsowa sai a dinga ɗura wa dokin dawa da dusa domin ya yi ƙiba cikin mako biyu, alhali sauya abinci farat ɗaya da yawan tsaba suna cikin sanannun abubuwan da ke jawo masa ciwon ciki da ciwon kofato. Ranar hawa a ɗora masa kaya, a sa masa linzami mai kaifi, a zabure shi da ƙaimi a kan kwalta, dabbar da ta yi watanni ba ta yi sassarfa ba. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa kowace shekara ranar tafiyar muke fafe ta, in ta fashe mu ce ƙaddara.

Za a ce mini ai ɗaure doki a turke gadonmu ne, haka kakanni suka yi. Gaskiya ne sun ɗaure, amma rabin gadon muka ɗauka muka yar da rabi. Wanda ya ɗaure doki a da yana da muri mai yanko masa ɗanyar ciyawa, mai share masa jiki, mai cire masa kaska. A fadojin ƙasar Hausa har sarauta aka yi domin kula da barga, wato Shamaki. Dawaki a jere ake ɗaure su, suna ganin juna, suna amsa wa juna haniniya. Sannan ga kilisa. Al'ummar da ta keɓe kalma guda domin fita da doki ya miƙe ƙafa ba tare da wata buƙata ba, ta riga masu madubi sanin cewa zama wuri ɗaya cuta ne. Mai kafa hujja da gado sai ya nuna mana kilisarsa kafin ya nuna mana turkensa.

Akwai kuma wani rukuni da nake jin tsoronsa fiye da masu dariya, wato masu kuɗin da za su karanta irin wannan bayani su aika a sayo musu ƙwallo daga waje, su jefa gaban dokin da ke ɗaure, su ce sun waye. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Dabba mai igiya a ƙafa ba ta bin ƙwallo. Dawaki da yawa ma 'yan kwanaki suke kula abin wasa su watsar, in dai ba abinci ke fitowa daga cikinsa ba. Dunƙulen zaƙi kuwa sukari ne. Abin da doki ke nema uku ne, kuma babu wanda sai an hau jirgi kafin a samo shi: ciyawa, da ɗan'uwa, da sarari.

Lissafin ciyawa a bayyane yake. Likitocin dabbobi sun daidaita a kan cewa doki na buƙatar busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan yana son kilo 5 zuwa 7 na ingirici da harawar gyaɗa ko ta wake, a rarraba masa dare da rana. In an zuba ta cikin ragar igiya mai ƙananan idanu, irin wadda duk masuncin bakin Binuwai zai iya saƙawa, sai ya daɗe yana tsinka, bakinsa bai zauna banza ba. Ga abin wasan da ya fi na kanti. Ruwa kuwa, lita 25 zuwa 50 yake sha a rana, ya fi haka a bazara, saboda haka bokiti ɗaya da safe zalunci ne. A ajiye masa kanwa ko gishiri ya lasa. A yi masa rumfar zana mai shan iska. A kwance igiyar ya sami yashi ya yi birgima, ya kuma kwanta, domin ko da yake yana gyangyaɗi a tsaye, barci mai nauyi sai a kwance yake samunsa. Maƙwabta masu dawaki su haɗa kai su killace fili guda, su riƙa sakin waɗanda suka saba da juna. A dawo da kilisa kullum. Sai dai mai kai doki wajen Geriyo ko bakin kogi ya guji ketowar alfijir da faɗuwar rana, domin a lokutan ne ƙananan ƙwarin da ke yaɗa cutar dawaki ta Afirka suka fi cizo, cutar da ke kashe mafi yawan dokin da ta kama.

Wanda ya ga duk wannan ya fi ƙarfinsa, akwai mafita mai mutunci: ya sayar wa mai iyawa, ranar sallah ya yi aro ko haya. Rashin doki ba abin kunya ba ne. Mun dai sha jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ban ga dalilin da zai sa mai turke ya ɗauka cewa wannan gargaɗi a kan kyanwa kaɗai ya tsaya ba.

Ku ɗalibai 'yan'uwana, da yawanku daga gidajen sarauta da na masu dawaki kuka fito, ku ne kuma ke hawa ranar sallah ana yi muku guɗa. In an tafi hutu, kafin ku tambayi inda aka ajiye alkyabba, ku zaga bayan gida ku duba ƙafar dokin nan inda igiya ta ci, ku duba kwaminsa da bokitinsa, ku tambayi yaron barga yaushe rabon da a fita da shi. Malamanmu kuma da ke nazarin kirarin doki da waƙoƙin fada, ya kamata su tuna wa masu sarauta cewa dabbar da ake wasawa tana nan da rai, tana jin ƙishi. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da muka ɗaure, amin.